Amanar da Ke Cikin Kwamfutar Kawu

Ranar jana'izar Kawu ina cikin gida tare da mata, saboda haka ban ga abin da ya faru a ƙofar gida ba. Maigidana ne ya ba ni labari a zaure bayan sun dawo daga maƙabarta. Ya ce da aka jera sahu, kafin liman ya kabbara, babban ɗan Kawu ya yi sanarwar da aka saba yi, cewa duk wanda ya san yana da ajiya ko amana a hannun mamaci ya faɗa, don a sauke masa nauyi. Wani ya ce injinsa na ban-ruwa yana bayan shago. Wani ya ce makullin rumbunsa yana wurinsa. Sai wani tsoho mutumin Faru, cikin waɗanda rashin tsaro ya koro zuwa Talata Mafara, ya ɗaga sandarsa daga sahun baya ya ce, "Ni gonata tana cikin kwamfutarshi."

Maigidana ya ce wasu sun sunkuyar da kai suna danne dariya. Wani kuma ya raɗa masa cewa gudun hijira ya taɓa tsohon. Liman ya ce an ji, za a duba. Aka yi salla, aka ɗauki Kawu.

A cikin gida kowa da irin Kawun da ya zo yi wa ta'aziyya. Masu shagunan buga takardu na layin shagon Kawu sun tsaya daga bakin zaure sun yi wa Innata gaisuwa, don ita kaɗai ce ƙanwarsa da ta rage. Babbansu ya yi doguwar addu'a, sannan ya kasa haƙuri ya ƙara da cewa Malam mutumin kirki ne, sai dai da yana jin shawara da babu shagon da zai kama ƙafar nasa a Mafara. Wata ƙawar matarsa ta ce gida zai yi shiru yanzu, babu mai faɗa don an bar fitila a kunne. Wasu mata uku daga Ruwan Gizo, waɗanda babu wanda ya san su a cikinmu, suka zauna a bakin rijiya suna kuka, har Inna ta tashi da kanta ta ba su haƙuri. Ni ban yi kuka sosai ba ranar. Maganar tsohon nan ce ta tsaya mini a rai, domin na san ba ruɗewa ya yi ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya yi aikin tafireta a wani ofishin gwamnati a Maradun har ya yi ritaya, sannan ya buɗe shagon buga takardu da fotokofi kusa da kasuwar Mafara. Yawancin masu zuwa wurinsa mutanen ƙauye ne, masu son a buga musu takardar sayen gona, ko yarjejeniyar iyaka, ko ta rabon gado. Yana da wata ɗabi'a da ta sha gajiyar da mutane. In ya buga maka takarda ka tafi da ita, shaidu suka dangwala yatsa, mai gari ya sa hatimi, to dole ka dawo masa da ita ya ɗauki hotonta da sikana ya ajiye. Ba ya karɓar komai a kan wannan. In kuwa ka ƙi dawowa, duk inda ya gan ka sai ya tambaye ka, ko a wurin ɗaurin aure ne. Mutane suna cewa fitina ce irin ta tsofaffin ma'aikata. Da aka fara korar mutane daga ƙauyukansu, suna fitowa daga su sai rigar jikinsu, sai ya zamana abin da ya rage na takardun gidaje masu yawa yana cikin wata tsohuwar baƙar kwamfuta a kusurwar shagonsa, da wata 'yar ma'ajiya kamar sabulun wanka da yake kwafe komai a cikinta duk ranar Juma'a. Tsohon Faru yana cikin masu irin wannan ajiya. Wani da bai yi gudu ba ya shiga gonarsa yana cewa saya ya yi, shaidun asali kuma ɗaya ya rasu, ɗaya ba a san inda ya faɗa ba.

Wannan kwamfutar kuwa ba Windos da aka saba ne ke tafiyar da ita ba, wata manhaja ce da ake kira Linuks. A duk danginmu babu mai iya buɗe ta ya san inda ya dosa sai ni, ni ɗin ma da ƙyar. Tun daga ranar jana'iza na fara tsoron abin da zai sami takardun nan.

Yadda ya shiga wannan hanya na ji shi daga bakinsa ya fi a ƙirga. Lokacin da ya sayi kwamfutocinsa uku na hannu, akwai wani ma'aikaci Kirista, mutumin kudancin Kaduna, da ke haya a bayan gidansa. Wata rana wani ɗan rubutu ya riƙa fitowa a kusurwar allo, Kawu ya kira shi ya duba masa. Mutumin ya yi dariya ya ce ba komai ba ne, kwamfutar ce ke faɗa masa cewa Windos ɗin da ke cikinta kwafi ne da aka yi ba da izinin masu shi ba, kuma ai kusan kowa a garin da irinsa yake aiki. Kawu ya tambaye shi ko abin yana da mai shi. Ya ce yana da shi. Ya tambaye shi ko mai shi ya yarda. Ya ce bai yarda ba. Kawu ya kashe kwamfutocin duka uku, ya rufe shago, ya tafi wurin liman.

Liman ya ce shi bai taɓa cin karo da wannan mas'ala a littattafan da ya karanta ba, amma in zuciyar mutum ta ƙi natsuwa da abu, barinsa ya fi. Kawu ya nemi na halak ya saya, aka ce sai an aika Kano, kuma ba lalle tsofaffin kwamfutocinsa su iya ɗauka ba. Shago ya yi kwana tara a rufe. Sai maƙwabcin nan ya kawo masa wani faifai, ya ce ga wata babbar manhaja, ita ma tana tafiyar da kwamfuta kamar waccan, amma waɗanda suka yi ta sun ce kowa ya ɗauka ya yi aiki, ya kuma ba wani. Kawu ya zaunar da shi ya karanto masa izinin daga farko har ƙarshe yana fassara masa da Hausa. Da suka gama ya ce wannan ai waƙafi ne, kamar rijiyar da mutum ya haƙa a bakin hanya. Bayan shekara biyu aka yi wa maƙwabcin canjin wurin aiki, Kawu ya ci gaba shi kaɗai, da waya da wani littafin rubutu mai bango ja da ya cika da umarnin Turanci, kowanne da bayaninsa da ajami a gefe.

In aka tsokane shi a kan maganar, amsarsa ɗaya ce. Yakan ce kowace takarda da ke fita daga shagon nan da bisimilla take farawa, shi kuwa ba ya buga bisimilla da kayan sata. In mai tsokanar ya ci gaba, sai ya juya masa baya ya kama aiki.

Ni malamar firamare ce a Bakura. Da maigidana ya saya mini laftof ta hannu don aikin makaranta, na ɗauke ta na kai wa Kawu ya gani ya sa albarka. Na bar ta a shago na shiga gida gaida matarsa, muka yi hira, muka ci abinci, muka yi azahar. Kafin in dawo ya gama aikinsa. Na buɗe na ga allon ya sake kama, babu abin da na gane. Na ce, cikin ladabi gwargwadon yadda na iya, ai da Kawu ya tambaye ni.

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗiyata, in na ga najasa bisa tabarmar sallarki, sai na tambaye ki kafin in wanke?"

Na sha wuya da wannan wankin. Shugaban makarantarmu zai ba ni jadawalin sakamakon yara a filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a kwamfuta, in buɗe in ga layuka sun goce, sunan yaro a nan, makinsa a can. In na gyara na mayar masa, a tasa kwamfutar kuma su sake gocewa. Ya taɓa cewa a gaban malamai wai laftof ɗina ba ta jin yaren 'yan uwanta. Firintar makaranta ta yi wata guda tana ƙin karɓar aikina. 'Ya'yana suka yi ta mita cewa ta gidan maƙwabta tana da wasan mota, tamu sai rubutu. In na kira Kawu a waya, sai ya riƙa karanto mini umarni harafi bayan harafi, layi yana yankewa, in na kuskure ɗigo ɗaya ya ce an yi asarar kuɗin makarantata. Sau uku ina ɗaukar laftof ɗin da niyyar kai ta a mayar mini da abin da kowa ya sani. Sau uku ina tunawa cewa da Salla zai ce in kawo ya duba ta, sai in mayar da ita jaka. Amma zan faɗi ɗaya gefen, don shi ma gaskiya ne. Laftof ɗin ta tsufa ƙwarai yanzu, tana nan tana aiki. Na abokan aikina kusan kowane zangon karatu sai bairos, cutar kwamfuta, ya kama su an kai an yi musu fomatin, wato a share komai a sake zuba sabo. Tawa ba ta taɓa zuwa ba.

Babban ɗan Kawu, wanda nake kira Yaya, taubashina ne, tun muna yara ba mu da magana sai tsokana. Shi ne ya fi kowa ɗanɗana halin Kawu, domin tare suke zama a shago. Lokacin da aikin fasta da katin biki da kalanda ya yi kasuwa, masu kawo aiki suna zuwa da zane da aka fara a wata manhajar da ba ta hawa Linuks. Kawu ya ce akwai irinta a nasa tsarin, kuma gaskiya akwai, sai dai daga shi har Yaya babu wanda ya ƙware da ita. Mutum zai zauna a benci ya gaji ya tashi ya shiga shagon gaba. Yaya yana gani, yana da mata da yara.

Shekarar da aka yi wa Kawu aikin ido a Gusau ya yi mako biyu ba ya nan, Yaya ya kira mai gyara ya zuba Windos na kwafi a ɗaya daga cikin ukun. Ranar da Kawu ya koma shago ina nan, na zo duba shi. Ido ɗaya a naɗe da bandeji, amma tun daga ƙofa ya hango allon. Yaya ya tare shi ya ce ya dubi benci, mutane sun dawo. Kawu ya ce ya ga benci, wa ya ba shi izinin abin da ke cikin waccan?

"Baba, masu abin nan ba su ma san akwai wani gari Mafara ba a duniya."

"Su ba su sani ba. Ni fa?"

Daga nan Yaya ya faɗi abin da ya daɗe yana ci masa rai. Ya ce duk takardun masallatan garin nan da irin wannan kwafin ake buga su, har wasiƙun limamin da Baba ya je wa fatawa a shagon gaba ake buga su, babu wanda ƙasa ta haɗiye. Ya ce tsoron Allah daban, son a ce mutum ya fi kowa daban. Kawu ya ja kujera ya zauna, ya ɗauko faifansa daga aljihun tebur, ya kanga fuskarsa daf da allo saboda idon, ya share abin da ke ciki a gaban masu jiran aikinsu. Yaya ya zaro makullin shago daga aljihu ya ajiye a kan fotokofi ya fita. Ya koma sayar da taki da maganin feshi a kasuwa. Shekara bakwai kullum da safe yana zuwa ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, gaisuwa cikakkiya, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina ƙoƙari, su kai ta har ƙarshe. Daga nan babu wata magana. Ba zan ce Yaya ba shi da gaskiya ko kaɗan ba. Na san abin da ake dafawa a gidansa a wancan lokaci.

Maƙwabtan shagon suna kiransa Sarkin Halak in ya ba da baya. Amma akwai wani bairos da ke ɓoye fayilolin mutane a cikin filas, mutum ya buɗe ya ga wayam, alhali aikin ɗalibi na shekara guda yana ciki. Kwamfutar Kawu ba ta san da wannan ɓuyan ba, tana nuna komai. To waɗannan masu yi masa dariya su ne ke zuwa suna sosa ƙeya da filas a hannu. Yana fito musu da kayansu, ba ya karɓar komai, sai dai dole ka zauna ka saurari wa'azi har ya gama. Ɗayansu ya gaya wa maigidana a wurin zaman makoki cewa wallahi da biya aka ce ya yi da ya fi masa sauƙi. Ya faɗa yana dariya, sai kuma ya goge ido da bakin rawani.

Matan Ruwan Gizo kuwa, na bi su na tambaye su kafin su tafi. Uwa ce da 'ya'yanta biyu. Gobara ta cinye ɗakinsu da takardun makarantar yara duka, ana saura kwana kaɗan a rufe karɓar ɗalibai. Kawu ya ji labari a kasuwa ranar Talata. Washegari ya buga kwafin da ke wurinsa, ya hau kabu-kabu da ƙafarsa mai ciwo ya kai musu har gida, ya yi musu faɗa a kan ajiye takardu kusa da murhu, ya ƙi shan ko ruwa ya juyo. Babu wanda ya san wannan a gidansa.

Akwai abin da nake jin haushinsa a kai har yanzu, Allah ya yafe mini. Kawu bai iya koyarwa ba. Mutane sun zo koyo wurinsa, babu wanda ya wuce mako biyu, saboda ba ya maimaita magana sau biyu ba tare da tsawa ba. Ya tara amanar jama'a a cikin abin da shi kaɗai ya san kansa, sannan ya kori duk wanda zai iya gadonsa. Da Babbar Sallar da ta wuce na ce masa, Kawu, in yau ka kwanta ciwo wa zai buɗe wannan? Ya ce ni ce zan buɗe. Ya faɗa mini kalmar buɗewa, ya sa na maimaita. Na ce ni mace ce, a Bakura nake, kuma ba na cikin magadansa, ranar da babu shi ba ni da bakin magana a kan ko kujerar shagon nan. Ya ce in bar kawo masa ƙorafi in je in koyi abin da ya rage mini. Maganarmu ta ƙarshe ke nan a kan lamarin.

Na zauna a gidan har sadakar uku. Laftof ɗina tana cikin jakata, shago kuma tafiyar minti biyar ce. Awa biyu sun ishe ni in kwafe komai. Na yi ta jujjuya yadda zan buɗe baki in ce a ba ni makulli, matarsa tana cikin takaba, tabarmin makoki ba a naɗe ba. Na san abin da za a ce, wai ɗiyar ƙanwa ta fara leƙa dukiya tun ƙasar kabari ba ta bushe ba. Na gaya wa Inna, ta ce kada in kuskura in ja mata magana, in bari a yi bakwai. Na ji kunya, na koma Bakura.

Daga can na kira Yaya. Na ce don Allah kada kowa ya taɓa baƙar kwamfutar da 'yar ma'ajiyar da ke cikin aljihun tebur sai na zo. Ya ce ke 'yar mace, me ya haɗa ki da kayan gidanmu, ko rabo kike nema? Na ce ba wasa nake yi ba. Ya ce ai ya sani, tun muna yara haka nake cewa in zan cuce shi. Ya yi dariya, ita ce dariyarsa ta farko tun rasuwar, sai na kasa yi masa tsawa. Duk rayuwarmu ban taɓa gaya masa wata magana ya ɗauke ta da gaske ba, ban san ta inda zan fara ranar ba.

Ranar bakwai ban samu zuwa ba. Jarrabawa ta kama a makaranta, kuma a makon an yi ta jin labarin tare hanya, maigidana ya ce in dakata. A ranar tsohon Faru ya sake zuwa ya maimaita maganarsa, wannan karon ya yi bayani dalla-dalla. Liman ya saurare shi, ya ce in dai haka ne, abin da ke cikin kwamfutar amana ce, ba ya cikin gado, kuma ba a taɓa ta sai an mayar wa kowa nasa. Yaya ya karɓi maganar hannu biyu. Wannan ne abin da ya fi ƙona mini rai, domin ba taurin kai ya yi ba. So ya yi ya sauke wa mahaifinsa nauyi da wuri, ya kuma buɗe shagon don ƙannensa su sami abin yi.

Ya kira mai gyaran da kowa ya yarda da shi a layin, dattijo ne, ba ya ha'inci. Ya ce masa ya fito da takardun mutane tukuna. Mai gyara ya kunna, allo ya nemi kalmar buɗewa, bai san ta ba. Sai ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru. Ya kwance kwamfutar ya zaro ma'ajiyar cikinta, ya haɗa da laftof ɗinsa mai Windos. Shi kuwa Windos ba ya karanta irin shimfiɗar da Linuks ke yi wa ma'ajiya. Bai nuna fayil ko ɗaya ba, sai tambaya da ta fito ko a yi fomatin. Ya haɗa 'yar ƙaramar ta aljihun tebur, ita ma haka. Ya kira Yaya ya nuna masa da idonsa, ya rantse cewa babu komai a ciki, wataƙila Malam ya share kafin ya rasu, ko kuma sun lalace. Yaya ya kira ni sau biyu, ina cikin aji wayata a kashe. Da na fito na ga kiran na ɗauka maganar sadaka ce, na ce sai na zo.

Na iso Mafara ranar Asabar ta mako na uku. Shago a buɗe, an share, an yi fenti, mutane a benci. Yaya ya taso da fara'a ya ce ga mai rabo ta zo, in shigo in ga an gyara kwamfutar Baba, yanzu kowa na iya aiki da ita. Na dubi allon, na ga an zuba mata Windos. Na tambayi ƙaramar ma'ajiyar, ya ce tana wurin ƙaninsa, ya zuba finafinai da karatun malamai.

Na zauna a kujerar Kawu. Na buɗe laftof ɗina, na ɗauko wani filas nawa na sa a ciki, na nuna wa Yaya takardun makarantarmu jere. Na zare na sa a baƙar kwamfutar, ta ce babu komai, a yi fomatin. Na mayar a tawa, takardu suka sake bayyana. Sau biyu na yi masa haka. Ya tsaya yana kallo, sannan ya sallami mutanen benci ya ja ƙofa.

"Don me ba ki ce mani da gaske kike ba?"

Na ce na faɗa.

Na nemo lambar tsohon maƙwabcin nan a littafin Kawu mai bango ja. Bai ji rasuwar ba sai daga bakina. Da na gaya masa abin da ya faru, ya ce a daina amfani da ma'ajiyoyin biyu nan take a aiko masa. Muka ba direba ya kai. Bayan kwana goma ya kira ya ce an riga an rubuta abubuwa da yawa a kai. Abin da ya iya cetowa 'yan hotuna ne marasa suna, yawancinsu rabi, sama akwai ƙasa babu. Na zauna na duba su ɗaya bayan ɗaya. Na sami tara da ake iya karantawa har ƙarshe, mun kai wa masu su. Ta tsohon Faru ba ta ciki. Yaya ya roƙe ni in mayar wa baƙar kwamfutar da Linuks. Na ce hakan ba zai dawo da komai ba, ya ce ya sani. Har yau ban yi ba, ban kuma san ko zan yi ba.

Yaya ya ce shi zai je ya gaya wa tsohon, na ce tare za mu. Muka same shi a wata rumfa a gefen kasuwa yana tufkar igiya yana sayarwa. Muka durƙusa muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan na faɗa masa yadda aka yi, ban rage komai ba, har da kunyar da ta hana ni karɓar makulli. Ya saurara hannunsa bai bar igiyar ba. Da na gama ya tambaya ko Malam ne ya share da kansa. Yaya ya ce a'a, shi ne ya sa aka share. Tsohon ya ce to, amma shi a hannun Malam ya ba da ajiya, ba a hannunmu ba. Ya ajiye igiyar ya ɗaga hannuwansa.

"Ya Allah, ni na yafe mashi. Kada ka tambaye shi gonata."

Ya shafa, ya ɗauki igiyarsa. Yaya ya yi masa alkawarin zai bi shi wurin hakimi ya ba da shaidar cewa takardar ta taɓa kasancewa. Tsohon ya ce Allah ya yi albarka, amma hakimi takarda ya ce a kawo.

Shi ya sani, ya kuma yafe. Sauran ba su sani ba. Suna Gusau, suna Sakkwato, suna gidajen 'yan uwa a garuruwan da ban san sunansu ba, kowanne yana kwana da natsuwar cewa in an sami zaman lafiya zai zo Mafara wurin Malam ya karɓi takardarsa ya koma gonarsa. Liman ya yi sanarwa Juma'a biyu a jere, amma muryar lasifika ba ta wuce bakin gari. Shi ya sa na rubuta wannan, da fatan wani zai karanta wa wani. In kana cikin waɗanda wani tsoho mai tabarau da yawan faɗa ya matsa wa sai sun dawo da takarda ya ɗauki hotonta, to ka sani ya riƙe maka ita da gaskiya har ranar da ya bar duniya, mu ne muka kasa. Kada ka sha wahalar hanya, babu ita. In ta asali tana hannunka, ka riƙe ta da kyau. In kuwa babu, haushinka ya tsaya a kanmu mu da muke raye. Shi ka yafe masa, ka roƙa masa Allah ya haskaka kabarinsa, ya sauƙaƙa masa tambaya.